Jan Farce Don Allon Jirgina

Litinin, 7 ga Yuli, da hantsi. Sokodé.

Ruwa ya kashe min allo. Jiya na kai ɗan jirgin ruwan da na haɗa rafin Kpondjo, yana tafiyarsa tiryan-tiryan, sai ruwa ya fantsama ta bakin murfi, injin ya yi tari ya yi shiru. Da na buɗe, abin da ke ciki bai fi cokali ɗaya ba. Yau da safe layukan tagulla sun yi kore. Wannan ɗan allon, da na ciro daga motar wasan yara ta gwanjo, shi ke jin umarnin telekomand, wato rimot, ya kunna farfela ya juya wutsiya. Yanzu ya zama shara.

Shekaru sama da talatin ina koyar da lantarki a lise, wato sakandare, har Metir, malam ke nan, ya zama sunana, kuma cokalin ruwa ya kayar da ni.

Ɗana Abdoulaziz ya kira daga Dapaong. Maganar dai ita ce: tun abin da ya same ni Talatar nan ba ya barci, bai kamata in zauna ni kaɗai ba, an share min ɗaki. Na ce masa a gidan nan na auri uwarsa, daga gidan nan aka ɗauke ta, daga nan za a ɗauke ni.

"Baba, likita cewa ya yi ka riƙa matsa ƙwallon roba."

"Ni kare ne da za a ba ni ƙwallo? Hannun da ya haɗa jirgi, ya tuƙa shi ya je ya dawo, zai iya kulle ƙofa ya dafa shayi."

Ya ce, "To Baba, in jirgin ya je ya dawo, ba zan ƙara tayar da maganar ba." Da muryar lallashin yaro ya faɗa. Ni kuwa na riƙe ta da gaske.

Hannuna lafiya lau.

Talata, 8 ga Yuli, da safe

Ba na rubutu ranar Talata.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan la'asar

Na samu wata motar a wajen mutanen Nijar masu gwanjo. Tayoyi babu, allo lafiya. Ba zan sake sa shi a ruwa tsirara ba.

Na narka kyandir na zuba wa mataccen allon don gwaji. Da ya bushe na ɗan lanƙwasa shi, ya tsage. Silikon ɗin da ake sayarwa a nan warin tsami yake yi, kuma wanda ke warin tsami cin tagulla yake. Na faɗa wa mai shagon, ya ce kowa shi yake saye. Kowa. Abin da ya kashe ƙasar nan ke nan.

Akwai verni na musamman da ake fesa wa allon lantarki, amma sai Lomé. Na kira wani tsohon ɗalibina da ke zaune a babban ofis can, wanda ni na koya masa bambancin volt da ampe da bulala a hannu. Wayar ta yi ta ƙara. Ba komai. Dama ko a aji ba ya amsawa.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan sallah

Yau na ƙaru a masallaci, abin da ya daɗe bai faru ba.

Liman ya juya kan mata, yana ɗaga murya don na baya su ji. Wai duk wadda ta shafa jan farce ta yi alwala, ba ta da alwala, domin ruwa ba ya ratsa shi ya kai ga farcen. Ya maimaita. Ya ce ko ɗigo ɗaya ba ya wucewa, ko ta kwana da hannu a randa.

Mutane suna ta girgiza kai suna istigfari. Ni kuwa na kusa tashi in rungume shi. Ko ɗigo ɗaya! Ga verni a kasuwar Sokodé, a kan tiren kowace mai kayan kwalliya, har da shaidar malamai, ni ina ta roƙon Lomé.

Asabar, 12 ga Yuli, da azahar

Na je wajen Azara, mai kayan kwalliya a bakin babbar kasuwa. Ita ke sayar wa marigayiya matata Ma'u turare a da.

"Baba Metir, ɓata hanya ka yi?"

"Jan farce nake so. Marar launi."

Ta dube ni, ta dubi maƙwabciyarta mai takalma. "Kai, masha Allah! Wace ce mai sa'ar? 'Yar Zongo ce ko Kotokoli?"

"Jirgi ne."

"Sunanta ke nan?"

Suka fashe da dariya har mai takalma tana dukan cinya. Na tsaya kamar yadda nake tsayawa a gaban aji har a gama. Marar launi iri biyu ne kawai da ita. Na ƙara da wasu biyu don in gwada ƙarfinsu, ɗaya ruwan hoda, ɗaya mai ƙyalƙyali, da kwalbar disolban na gogewa. Ina tafiya tana kira, "Baba, a gaishe da amarya, a ce Azara na da lalle ma!"

Canjin ya zube min a ƙasa. Ƙasar wajen ce ba daidai ba.

Litinin, 14 ga Yuli, bayan la'asar

Zan rubuta yadda abin ya faru, tunda na san yadda za a ba da shi.

Ba a shafa wa allo abin da ba a gwada ba. Ina so in san wanne ke saurin bushewa, wanne ke tsagewa in an lanƙwasa, wanne ke ɓarewa in ya daɗe a ruwa. Abin an yi shi don farce, to ina ya fi dacewa a gwada shi? Na shafa iri huɗu a farata huɗu na hannun hagu, na bar su suka bushe, na yi wanke-wanke, na jiƙa hannun a bokiti. Wannan shi ake kira gwaji. Marar launi na biyu ya yi nasara, ko gezau bai yi ba. Mai ƙyalƙyali ya ɓare a gefe.

Niyyata in goge kafin azahar. Kwalbar disolban tana kan tebur a gabana.

Na yi sallah a sahun gaba, inda nake tsayawa kullum, kusa da Alhaji Harisu maƙwabcina. Ana zaman tahiya na ji ya daina motsi. Hannuna yana kan gwiwa, rana ta shigo ta taga ta sauka daidai kan mai ƙyalƙyalin.

Ana sallamewa ya kama min hannun riga.

"Metir, mene ne wannan?"

"Aiki ne, Alhaji."

"Wane irin aiki? Da wannan ka yi alwala? Ai ba ka da sallah. Ko ranar Juma'a ba ka ji ba?"

"Na ji. Na fi kowa ji."

"Innalillahi. Ruwan hoda, jama'a. Ruwan hoda!"

Sahu biyu suka taru a kan hannuna. Liman, don shi mutum ne mai kunya, ya ce a hankali in je in goge in sake. Na goge, na sake. Gaskiyarsa ce a kan alwala, ban yi musu ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda Alhaji Harisu ya rako ni har ƙofa yana tambayata ko na san yau wace rana ce.

Litinin ce. Na sani sarai.

Talata, 15 ga Yuli, da yamma

Ruwa tun asuba.

Laraba, 16 ga Yuli, da hantsi

Shafin farko ya lalace. Ya bushe fari fat kamar an zuba nono, domin iskar damina cike take da laima, vernin ya kulle ta a ciki. Na wanke da disolban, na sa allon cikin gwangwanin madara da ƙwan fitila a kunne, ya gasu a hankali rabin yini. Sai a busar da abu tukuna kafin a rufe shi. In ka rufe shi da danshi, kai da kanka ka ajiye masa abin da zai ci shi.

Ƙa'idojin, don kada wani ya ce ban san me nake yi ba. Bakin da wayoyi ke shiga a rufe shi da salatef, kada verni ya taɓa shi, in ba haka ba wuta ma ba za ta wuce ba. Maɓallin kunnawa haka. Shafi siriri, a bari ya bushe, a ƙara wani. Gefen allo da gindin kowace ƙafa, nan ruwa ke fara shiga. Bututun farfela a cika shi da giris. Bakin murfi a zagaye shi da basilin.

Burushin ya kauce ya shiga bakin waya sau biyu. Burushin banza ne, na mata.

Da na fita sayen burodi, wani ɗan zemijan, mai haya da babur, ya rage gudu ya ce, "Hajiya, ina zuwa?" Uwarsa na koyar, ba ta taɓa cin rabin maki ba.

Hannuna lafiya lau.

Alhamis, 17 ga Yuli, da magariba

Alhaji Harisu ya kira Dapaong. Shi da bakinsa ya faɗa min, wai don Allah ya yi.

Asabar, 19 ga Yuli, bayan la'asar

Abdoulaziz ya iso da hantsi, ba sanarwa. Kafin ya gama gaisuwa idonsa na kan faratana. Ya ga kwalaben a jere kan tebur. Ya ga tukunyar da na bari a murhu ranar Alhamis, wadda na ce zan kankare.

Na yi masa bayani tun daga huɗubar liman har gwangwanin madara. Ya saurara yana gyaɗa kai, irin gyaɗawar da ake yi wa mai zazzaɓi.

"Na gane, Baba. Amma me ya sa ba ka goge ba?"

Na ce masa ya duba shafi na biyu, ya ga yadda ya kwanta kamar gilashi.

"Baba, me ya sa ba ka goge ba?"

Ƙarshenta dai sati biyu ne kawai zan yi a Dapaong, in ji shi. Likitan can ya duba ni, in huta, in dawo. Na ce jirgi na biye da ni. Ya ce a sa shi a but. Na ce shi ya shiga but ɗin.

Lahadi, 20 ga Yuli, da yamma. Dapaong.

Bafilo, Kara, Kanté, Mango. Jirgin na kan cinyata duk hanya. Ban yi magana ba sai a Mango, da na ce a tsaya in yi sallah. Ya leƙa hannuna ina alwala. Ya ɗauka ban gani ba.

Laraba, 23 ga Yuli, da hantsi

Ɗakin da aka share min yana tsakiyar gida, ƙofarsa na kallon tasu. Ba makulli. An ba ni kofin roba, kowa na shan shayi a na gilashi.

Likitan yaro ne, da ƙyar ya kai arba'in. Ya ce in matse masa yatsu, in taɓa hancina, in faɗi sunan abubuwa uku in maimaita bayan an jima. Ya yi wa Abdoulaziz bayani da Faransanci a kaina, kamar ni buhun gero ne. Na gyara masa kuskure ɗaya a nahawu. Sauran abin da ya faɗa ba na rubutawa.

Abu ɗaya zan yaba wa garin nan: iskarsa ta fi ta Sokodé bushewa, ko da damina. Verni na son ta.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan azahar

Zalia, matar Abdoulaziz, ta shigo da abinci ta tarar ina shafi na uku. Ta tsaya. Na jira dariyar.

"Baba, wannan kwalbar ta yi kauri, shi ya sa yake jan zare. Ina zuwa."

Ta dawo da tata, sabuwa, a ɓoye cikin mayafi. Ta ce in an buɗe kwalba ta daɗe sai ta yi danƙo, kuma a riƙa murza ta tsakanin tafuka, kada a girgiza, girgizawa ke kawo kumfa. Ban san wannan ba. Kumfa kuwa rami ne, rami kuwa ƙofar ruwa.

Ta ce ko ta riƙe min allon. Na ce a'a. Ta ce to ta riƙe tocila. Tocila ba komai ba ce, na bar ta.

"Baba, da gaske ruwan hoda ka sa ka je masallaci?"

"Da mai ƙyalƙyali."

Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ban ji haushi ba, ban san dalili ba.

Juma'a, 25 ga Yuli, da la'asar

Bangon gidan nan siriri ne. Na ji Abdoulaziz a waya da Alhaji Harisu. Wasu 'yan kasuwa daga Nijar suna neman gida kusa da tasha. Ƙarshen wata. A kwashe kayan tsoho a sa a ɗaki ɗaya.

Kayan tsoho.

Na fito na same shi a tsakar gida.

"Sati biyun ke nan?"

"Baba, magana ce kawai, ba a yanke komai ba."

"Ka ce in jirgin ya je ya dawo ba za ka ƙara tayar da zancen ba. Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

"Baba, wannan ai..."

"Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

Zalia na bakin madafa, ta ce, "Ka faɗa. Ina wajen."

Ya dube ta, ya dube ni. Ya ce to, jibi Lahadi, a baraj, madatsar ruwan bayan gari. In ya je ya dawo, shi da kansa zai mayar da ni Sokodé ya ba 'yan Nijar haƙuri. In bai dawo ba, in zauna. Na ce a gaban matarka ka faɗa.

Asabar, 26 ga Yuli, da safe

Na haɗa allon da batir da inji, na nutsa shi cikin bokiti har ƙasa. Na danna telekomand. Farfela ta juya. Na bar shi a ciki har na gama karin kumallo, na sake dannawa. Ta juya.

Liman bai yi ƙarya ba.

Asabar, da yamma

Babban yatsan dama yana yin abin nan. Gajiya ce.

Lahadi, 27 ga Yuli, bayan la'asar

Mun je da hantsi, mu uku. Ruwan ya cika har gindin itatuwa, shanu na sha a ɗaya gefen, mata na wanki. Wani masunci, Bamobe, yana gyara raga a kwalekwalensa. Akwai jarka rawaya da ya ɗaure a ruwa alamar ragarsa, ba nisa sosai. Muka yarda a kanta: jirgin ya zagaye jarkar ya dawo inda nake tsaye.

Na duba giris, na shafa basilin, na rufe murfi. Na sa shi a ruwa da hannuna, ban bar kowa ya taɓa ba.

Ya tafi. Ban taɓa ganinsa ya tafi haka ba, hanci a sama, yana tsaga ruwa gida biyu. Matan suka bar wanki. Masuncin ya miƙe tsaye yana cewa, "Kai! Wannan jirgi babu mutum ciki?" Na ji Abdoulaziz a bayana ya yi dariya, irin wadda rabona da ji tun yana ɗan makaranta.

A telekomand, yatsan hagu ke ba da wuta, na dama ke juya wutsiya. Da jirgin ya kai jarkar na tura sandar dama don ya zagayo. Ya zagayo. Sai lokacin sakinta ya yi.

Na ce wa yatsan ya saki. Ina kallonsa. Yana nan a kan sandar, ya danne ta har ƙarshe, kamar yatsan wani ne aka ajiye a hannuna. Jirgin ya shiga juyawa a wuri ɗaya da cikakken gudu, zagaye na ƙara matsewa, ya kwanta a gefe, ya kife. Kafin in tuna da cire yatsan hagu, ya riga ya juya ciki sama.

 Na sake danna wuta, ban san me ya sa ba. Daga can muka ga farfela a sama tana juyawa, tana watsa ruwa.

Masuncin ya tuƙa ya ɗauko shi. "Baba, jirgi naka ya sha ruwa da yawa, amma bai mutu ba. Yana kuka har yanzu." Na buɗe murfin. Cike yake taf, allon na kwance a ƙasa kamar tsakuwa a rafi, ɗan jan hasken nan nasa na ci. Na zubar da ruwan, na gwada da hannun hagu. Wuta, dama, hagu. Komai na amsawa.

Abdoulaziz bai dubi allon ba. Hannuna yake kallo, wanda na sa a aljihu.

Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, ai ya je. Kuma ga shi ya dawo. Ko a sake gwadawa, wannan ba a lissafa ba."

Zalia ta ce, "Iska ce ta kaɗa shi, na gani."

Babu iska. Ganyen bishiya ko motsi ba ya yi.

Na ce, "A kwalekwalen wani ya dawo. Ban taɓa ba ɗalibi maki don tausayi ba, ba kuwa a kaina za a fara ba. Ka kira Harisu."

"Baba..."

"Ka kira shi. Amma ka faɗa masa allon bai sha ko ɗigo ba. Ka faɗa masa da kyau, yadda zai kai masallaci."

A mota ba wanda ya kunna rediyo.

Litinin, 28 ga Yuli, da hantsi

Na faɗi sharuɗɗana da safe, a tsaye. Ɗakin waje nake so, mai ƙofa a kan titi, da makulli a hannuna. Kayan aikina ni zan je in haɗa su da kaina, ba Harisu ba, ba 'yan Nijar ba. Kofin gilashi. In ya fashe, ya fashe. Ya amsa duka, bai ko yi gardama ba, wannan ma ya ba ni haushi.

Na kwance bayan telekomand. Aikin ba shi da yawa: a sauya wayoyin sandunan biyu, wutsiya ta koma hagu, wuta ta koma dama. Wuta dannawa ce kawai, ko da tafin hannu ana yi. Wayoyin ƙanana ne ƙwarai, kuma wurin a matse yake.

Na ce wa Zalia ta zo bayan la'asar. Ita za ta riƙe ƙarfen dalma, ni in nuna mata inda za ta sa. Na gargaɗe ta tun yanzu: ba na maimaita bayani, kuma ba a surutu a ajina.